Dattawan da Suka Zo da Ƙafarsu

Ko na manta ranar da aka ɗauke ni aiki, ba zan manta da Talatar da dattawan bayan injin shinkafa suka zo ofishinmu ba. Ku da kuka shigo jiya-jiya kuna ganin aikin nan zane ne a kwamfuta, ku ajiye wayoyinku ku ji.

Lokacin ina jami'ar hulɗa da jama'a a wani kamfanin awon fili da tsara gine-gine a nan Minna. Wani attajiri ya sayi filin tsohon injin casar shinkafa da ke gaba da Bosso, kan hanyar Beji, wanda ya daɗe da mutuwa. Zai rushe komai ya jera benaye, ɗaki bisa ɗaki, don ɗalibai da ma'aikata, kuma kamfaninmu ya ba aikin. Ƙa'ida ita ce kafin a ba da izinin gini sai an ji ta bakin maƙwabta. Ana liƙa sanarwa, a ba da wa'adi, mai ƙorafi ya rubuto ya sa hannu, mu kuma mu haɗa da rahotonmu. Abin da ba a rubuta ba, a wurin fayil ba a faɗe shi ba.

Ana saura kwana biyu wa'adin ya cika suka iso, liman a gaba, wasu na dogara sanda. Na leƙa na gaya wa shugabanmu, wanda muke ce wa Injiniya. Ko kai bai ɗago ba. Ya ce, "Hajara, ki ba su kujeru da ruwan sanyi, ki saurare su da kyau. Amma ba aikinki ba ne koya wa mutum yadda zai kai ƙararmu."

Wanda ya yi bayani Baba Yohanna ne, mutumin kudancin Kaduna, tsohon leburan injin, mai gidan ƙasa a gangaren bayan katanga.

Ya ce, "'Yata, ba mu ƙi mutane su samu wurin kwana ba. Amma akwai rami a bayan injin, mu muka haƙa shi da hannunmu. Duk ruwan da ya sauko daga tudu nan yake tsayawa kafin ya wuce kaɗan-kaɗan. In kun cike shi kun zuba siminti, ruwa bai san oga ba. Gidana ne na farko a hanyarsa."

Liman ya ƙara da cewa, "Yaranmu sun ce mu aiko da wasiƙa. Muka ce a'a, wannan ai raini ne. Zuwa da kai ya fi saƙo."

Takardun ƙorafi kuwa suna cikin durowar teburina, gwiwata tana taɓa ta. Ɗaya tak zan ciro in cike wa Baba Yohanna ya dangwala yatsa, dole a turo mai duba hanyar ruwa. Na ce wa kaina kunya ce ta hana ni: da wane baki zan gaya wa sa'o'in ubana cewa zuwansu bai kai takarda ba? Kunya akwai, amma tsoro ya fi yawa, don ba a daɗe da tabbatar da ni a aiki ba. Na ce, "Mun ji, Baba. In Allah ya yarda zan isar." Liman ya yi addu'a muka shafa, na raka su har bakin titi.

Na isar kuwa, da baki. Injiniya ya ce, "Sun rubuto?" Na ce a'a. Ya ce, "To rubuta abin da ke akwai." Na rubuta cewa ba a samu ƙorafi a rubuce ba, na sa hannu. Babu ƙarya ko ta kalma ɗaya a ciki, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

Ranar da katafila ta iso, unguwa ta fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, aka tare hanya, mata na kuka. Aka nuna musu rahoton, aka ce wa'adi ya wuce. Ramin aka fara cikewa, don nan aka tsara wurin ajiye motoci.

Damina ta biyu bayan an gama gini, aka kwana biyu ana ruwa. Aka tura ni in dubo ɓarna. Na tarar ɗakunan Baba Yohanna sun zauna, kwanon rufin yana kwance a kan taɓo, matarsa na tono tukwane da hannu. Shi kuma yana zaune a kan bulo, ƙafarsa babu takalmi. Wallahi so na yi ya zage ni.

Sai ya miƙe ya ce, "A'a, 'yata ce! Bi a hankali, akwai santsi." Ya juya wajen maƙwabta ya ce, "Wannan ce ta karɓe mu hannu bibbiyu. Ta kai maganarmu, manya ne ba su ji ba."

Ban gyara masa ba. Karo na biyu ke nan na yi shiru a gabansa. Bayan sati ɗansa ya zo ya kwashe su zuwa ƙauye, bai kuma sake komowa Minna ba. Benayen nan kuwa sun cika taf, ana ma rububin ɗaki.

Ku ji ni da kyau. An gina aikin nan ne don mai biro, mutanenmu kuma da ƙafa suke girmama mutum, kuma ban ga alamar ɗayansu zai sauya ba. Duk wanda ya zauna a teburin da ke tsakani, shirunsa ma hukunci ne. Ni na koyi wannan a makare, kuma ba gidana ne ya rushe kafin in koya ba.