Durom Biyu da Na Bar wa Aminiyata

A lokacin mijina bai daɗe da rasuwa ba, ina zaune a Makera ina buga-buga. Sai na koyi noman latas ba tare da ƙasa ba, a cikin bututun roba, saiwa na shan ruwa da taki kawai. Abin ya karɓe ni, har matan zumuntar cocinmu suka kawo irinsu na raina musu, don mu samu abin kaiwa gaban Allah ranar godiyar kaka. Sunana na sa a kai.

Noman nan duk ruwa ne. Na famfo da kulorin yake zuwa, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai an bar shi a buɗaɗɗen durom ya kwana ya wuni warin ya fice. Sannan a ɗebi kaɗan a ɗiga masa maganin awon pH, mai nuna tsamin ruwa. In ya yi rawaya, madalla. In ya yi shuɗi, saiwa ba za ta ci taki ba.

Ana haka mahaifiyata ta kwanta ciwo a ƙauye. Na ba maƙwabciyata mai sayar da zoɓo, wadda muke cin tuwo kwano ɗaya, makullin ɗakin durom. Na nuna mata durom biyu da na tanada, na roƙe ta kada ta zuba wa shukar wani ruwa sai nasu. Ta dafa ƙirji ta ce in tafi hankali kwance.

Da na dawo, wayyo! Ganye ya yi yaushi, saiwa ta koma ruwan ƙasa, warin bilic ɗin wanki na tashi. Na ɗiga magani, shuɗi fes. Na tambaye ta, ta ce zafin rana ne. Da na matsa, sai ta ce famfo ya ɗauke, masu sayen zoɓonta kuma ba sa son wari, shi ya sa ta kwashe nawa ta cika min da na rijiyar da take zuba wa bilic. Wai ruwa ai ruwa ne, ganye kuma ba mutum ba. Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Abin da ya fi ci mini rai, ashe tuni ta riga ni wajen matan, ta ce noman nawa dama yaudara ce.

Ranar godiya na zauna a bencin baya hannu wofi, ba mai kallona. Ita kuwa ta taka rawa har gaba da kular zoɓonta a ka, zoɓon da ta haɗa da ruwana. Na yi kuka, ba don latas ba.

'Yan'uwana masu wannan noma, ruwa ana ɗiga masa magani ya nuna halinsa nan take. Mutum kuwa sai ka juya baya. Yanzu na sake shuka, amma makullin ɗakin durom a bakin zanena yake.