Malam-buɗe-littafi mai kala biyu

Jama'a, ku ji abin da na gani yau! Malam-buɗe-littafi ne ya shigo ɗakina a nan Amurka, fiffike ɗaya rawaya, ɗaya baƙi wuluk! Na kira maƙwabciyata, wata tsohuwar Baturiya. Ta saka tabarau, ta ce, "Sani, wannan rabinsa namiji ne, rabinsa mace!" Na ce, "Madam, kakata cewa take in ya shigo ɗaki, baƙo na tafe. Mai kala biyu kuwa, ai mutum biyu ke nan."

Na share ɗaki, na dafa shinkafa da miya. Na kira 'yata, ta ce ba ta da lokaci, da Turanci ma. Har la'asar ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Shi kansa ya fice ta taga!

Shinkafar tana nan, kwano biyu. Wa ke kusa da Hyattsville?