Autanmu Da Ya Kashe Inna Da Baki

Har yau idan aka ce wane ya samu hanyar fita waje, ba na saurin cewa barka. Sai na ji abin da ya sayar tukuna. Autan gidanmu uwarsa ya sayar, da ranta da lafiyarta.

Ya gama jami'a aiki ya ƙi samuwa, kamar rabin samarin unguwarmu ta Shamaki, wannan ban ga laifinsa ba. Sai ya haɗu da wani ɗan iskan dillali mai shago a bakin kasuwa, mai zuba turare kamar an fasa kwalba. Shi ya karanta masa cewa bizar aiki ta masu uwa a gindin murhu ce. Talaka da bizar ziyara yake shiga, da ya sauka ya nemi mafaka. Mafaka kuwa sai da labari, irin wanda zai sa Bature ya ajiye biro ya share ƙwalla.

Mu ba mu da irin wannan labari, alhamdu lillahi. Maƙwabciyarmu ce ke da shi, wata baiwar Allah da ta gudo daga Borno da 'ya'ya biyu, tana haya a bayan gidanmu tana ɗinkin hula. Sai ga auta, wanda ko gaisuwa sai an tuna masa, ya shiga kai mata goro. Ya zauna a bakin ƙofarta yana tambayar ta ina maharan suka shigo garinsu, me suka fara ƙonawa, wa ya faɗi a gabanta. Matar tana ba shi tana kuka, a zatonta ta samu ɗa mai tausayi. Ni ma, sakarya, na ɗauka shiriya ce ta zo masa.

Wata Asabar da hantsi na je gida, ya jawo mini kujera a tsakar gida ya ce in zama Baturiya in yi masa tambayoyi, gwaji zai yi. Da Hausa zai amsa, don dillalin ya ce kada ya nuna ya yi boko, can za a ba shi tafinta. Digirin ma an binne shi ke nan. Inna, mahaifiyarmu, tana gefe a kan tabarma tana tsintar shinkafa. Na ɗauka wasa ne, na maƙale murya na tambaye shi ina iyayensa.

Ya sunkuyar da kai, ya sa muryarsa ta yi rawa. "Mahaifiyata a gabana aka harbe ta, tana riƙe da buta. Ko binne ta ban samu yi ba."

Butar nan ta uwar maƙwabciyarmu ce, na sha jin labarin. Hannun Inna ya tsaya a cikin faifai. Ta tashi ta shige ɗaki ta bar wa kaji shinkafar.

Na cire takalmi na jefe shi, kuma har gobe ina takaicin ban same shi ba. Na kira shi ɓarawon gawa. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Haba Adda, story ne kawai. Kowa haka yake yi. Baki ai ba ya kisa."

Ranar tafiyarsa ya durƙusa a gaban Inna yana jiran albarka. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, yadda ake gaya wa baƙon da ya tambayi kwatance. Labarin kuwa ya ci, an bar shi ya zauna, ya samu aiki a gidan kula da tsofaffi. Yana can yana wanke iyayen wasu. Duk abin da ya aiko Inna ba ta taɓawa, sai ta ce a miƙa wa maƙwabciya, ai kayanta aka sayar. Matar tana karɓa tana sa masa albarka, ni kuma ina jin kamar in haɗiye zuciya.

Da sallar bara na ɗauki hoto da Inna cikin sabuwar atamfa na ɗora a waya. Kafin la'asar ya kira a gigice, wai in goge, ana bincike, kuma saura kaɗan a kira shi ganawar da za a ba shi zama na dindindin. Na goge, ba don shi ba, don Inna ta yi mini alama da kai. Sai ya kwantar da murya ya ce in miƙa mata, yana so ta sa masa albarka kafin ya shiga.

Na miƙa. Ta dubi wayar, ba ta karɓa ba.

"Ki gaya masa matacce ba ya sa albarka," in ji ta. "Shi ake yi wa addu'a."