Rabin Haƙorin Sati

Duk layinmu na Hayin Dogo a Samaru, babu wanda bai san Sati ɗan Mama Elizabeth mai ƙosai ba, babu kuma wanda bai sha wahalar bakinsa ba. Ranar Asabar aka haife shi, kuma uwarsa ta ce tunda ya buɗe baki ranar bai sake rufewa ba.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka yi bikin Diana, 'yar gidan da ke kallon nasu. An jibge akwatunan lemo, sai mabuɗi ya ɓata. Sati ya ce ina amfanin mabuɗi alhali yana raye? Ya buɗe kwalba arba'in da bakwai da haƙori, mata na ta guɗa. Ta arba'in da takwas ce ta rama wa 'yan'uwanta. Ƙas! Rabin haƙorin gaba ya faɗo a tafin hannunsa.

Bai yi kuka ba. Wurin uwarsa ya nufa, ya ce, "Mama, ajiye min, in na zama babban mutum a liƙa."

Ta ba shi ranƙwashi biyu masu kyau. Amma ta ajiye, cikin tsohon gwangwanin man zafi.

Giɓin nan ya zame wa unguwa fitina. Ta nan yake fito, tun daga bakin titi mun san ya dawo. A coci ma mawaƙa sun haƙura da shi, don ana tsakiyar waƙa sai a ji kamar tsuntsu ya shigo ta taga. Aka mayar da shi kan ganga, nan ma kunnuwanmu ba su huta ba.

Da ya gama sakandare ya ce soja zai shiga. Wani ya tsorata shi cewa ba sa ɗaukar mai giɓi, saboda haka ya yi kwana uku wurin tantancewa bakinsa gum. Mu da muka san shi, har yau muna ganin wannan ce jarumtarsa ta farko. Da likita ya ce ya buɗe, ya leƙa, sai ya ce, "Da haƙori za ka yi harbi? Wuce."

Bayan horo a nan Zariya aka tura shi Borno. Kowace Lahadi zai bugo waya ya ce, "Mama, ƙosan garin nan dutse ne, so suke su ƙarasa min ɗaya rabin." Bara da damina aka yi musu kwanton ɓauna a hanya. Shekararsa ashirin da uku. Sojoji biyu suka zo da safe Mama na tsakar suya, suka cire hula. A Maiduguri aka binne shi tare da abokansa, ba ta ga fuskarsa ba.

To, da shekara ta zagayo, zumuntar matan coci suka ce za a yi sujadar tunawa ranar Lahadi, kowa ya sa riga mai hotonsa. Mama abu ɗaya take so: ta ga ɗanta a rigar nan yadda ta san shi. Hotunan waya duk ya ɗaure fuska, ya sa baƙin tabarau, wai shi soja. Guda ɗaya ne yake dariya cikin kaki, na ranar da aka yaye su, wanda ke rataye a bango. Shi kuma ɗigon rufi ya cinye shi daga hanci zuwa haɓa.

Ƙanwarsa Lovelyn ta kai wa Paschal, mai buga riguna a Sabon Gari. Paschal kuwa gwani ne. Duk wanda ya shiga kwamfutarsa sai ya fito ya fi kansa kyau.

Ranar Alhamis Lovelyn ta kawo riga ɗaya ta gwaji. Mama ta ɗaga ta a rana, ta matso da ita, ta nisantar.

"Wannan ɗan waye?"

"Haba Mama, Yaya Sati ne mana!"

"Idon nasa ne. Kunnen ma nasa ne, ba mai irinsu. Amma bakin nan na mai tallan man goge baki ne."

Haƙora talatin da biyu reras, farare tas, ko ɗaya bai taɓa gamuwa da kwalba ba.

Ranar Juma'a ba a yi ƙosai a layinmu ba. Mama ta ƙulle wani abu a bakin zane, ta hau bas sai Sabon Gari.

"Kai ne Paschal?"

"Ni ne, Mama. Sannu da zuwa, ga kujera."

"Riƙe kujerarka. Haƙoran wa ka sa wa ɗana?"

Paschal ya sosa ƙeya. "Mama, ruwa ya ci bakin duka, ni kuma ban san shi ba. Sai na ara."

"Wurin wa?"

"Wani ango ne daga Hanwa."

"Ango! Shi angon ya san ɗana na yawo da bakinsa?"

Masu jiran aiki a shagon suka fashe da dariya. Paschal ya ce, "Abeg Mama, yi haƙuri, ai girmama shi na yi. Jarumi ne, mutane za su gani a coci."

"Mutanen cocin da su aka sha lemon. Fasa min shi."

"In fasa me?"

"Haƙorin. Na gaba, na hagu."

"To yaya girman fashin? Kar in yi ɓarna."

Sai ta kwance bakin zane, ta buɗe gwangwanin man zafi, ta juye a kan teburinsa. Ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, ya yi ruwan ɗorawa. Dariya ta tsaya a shagon. Paschal ya kashe rediyo. Ya ɗora rabin haƙorin a kan baƙar takarda, ya ɗauki hotonsa, ya jera shi daidai da haƙorin angon, ya fara gutsura a hankali.

"Ƙara kaɗan," in ji Mama. "A karkace yake, ba a miƙe ba. Ƙara. Tsaya!"

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kai yatsa ta taɓa gilashin kwamfutar.

"Ga ka nan, marar jin magana."

Ranar Lahadi mutum tamanin suka shigo coci da giɓin Sati a ƙirji. Fasto ya hau bagadi, ya ɗaga kai ya gan su, sai ya kasa riƙe dariya. Daga nan kowa ya saki, wasu na dariya, wasu na share hawaye, Mama na yin duka biyun.

Da aka fito, aka sauke akwatunan lemo a ƙarƙashin dalbejiya. Wani daga baya ya ce, "Ina mabuɗi?" Kowa ya juya yana kallon Mama.

Ta zuge jaka, ta fito da mabuɗi har guda uku.

"Duk wanda ya sa haƙori, ni da shi ne," ta ce. "Gwangwanina na mutum ɗaya ne."