Tukunyar Gwaten da Ta Sauya Teburi

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a garin Beltsville, can ƙasar waje, an taɓa ɗora min shirya ranar al'adu ta ma'aikata. Aikin ba wuya: kowace ƙasa teburi ɗaya da tuta ɗaya, kowa ya kawo abincin gidansu. Ni kuwa da son a ce na iya tsari, har takardu na buga na mannawa a kowane teburi.

Akwai wani dattijon Bature da muke aiki tare, mutumin Cornwall, can kudu maso yammacin Birtaniya. Na haɗa shi teburi da wasu 'yan Ingila biyu. Sai ga shi a ofishina da wata baƙar tuta mai farin gicciye, wai a ba shi nasa teburin. Na ce ai Cornwall a cikin Ingila take, taswira ma ta nuna. Ya ce gwamnati ce ke ɗaukarsu gunduma kamar kowace. Su kuwa suna da harshensu, wasunsu na ganin ba a taɓa haɗe su da Ingila bisa doka ba, kuma majalisa suke nema irin ta Wales. Na ba shi ɗan teburi a bakin ƙofa don ya shafa min lafiya.

Da yamma, muna cikin cunkoson hanyar Germantown, na ba ƙawata labarin ina dariya. 'Yar Filato ce, shekara shida muna zuwa aiki a motarta, ita ce ma ta yi jinyata da na haihu. Na ce, "Ki ji mutum da neman magana! Yanki ɗan mitsitsi, wai shi ma ƙasa." Ba ta yi dariya ba. Na ɗauka gajiya ce.

Ranar bikin ta kawo gwaten acca, na kawo masa da miyar taushe. Na manna takardata a teburinmu: Abincin Hausawa. Ta tsaya ta karanta.

Ta ce, "Hajiya, gwaten nan wajen kakata na koya, ita kuwa ko sannu ba ta ji da Hausa."

Na ce, "Haba ke kuwa, ai duk ɗaya ne. Wa zai gane a nan?"

"Ni na gane. Duk inda muka shiga cewa kike mu Hausawa ne, ban taɓa musa miki ba. Kin ma san sunan yarenmu?"

Ta sa tsumma ta ɗauki tukunyarta, ta ratsa zauren, ta ajiye kusa da baƙar tutar. Dattijon ya matsar da farantinsa, bai tambaye ta komai ba.

Har yau ban san mai gaskiya a batun Cornwall ba, na bar wa lauyoyinsu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, na yi wa baƙo dariya kan abin da nake yi wa aminiyata kullum, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Kunyar ba ta gama sakina ba.

Ba mu ɓata ba. Washegari ta zo ɗaukata kamar yadda ta saba, muka gaisa, na tambaye ta sunan yaren. Ta faɗa min, idonta na kan titi. Sannan ta ce wannan ne karo na uku da take faɗa min.