Ranar da Duba-gari Ya Zo Auna Ruwan Jima

Ina gida wankan jegon ɗana na fari aka ce hukuma ta fito da sabon tsari: duk mai sana'a sai an auna ƙazantar da kayansa ke bari. Wanda tasa ta yi yawa, a rufe. Babana majemi ne, a bayan gidanmu na Ƙofar Jatau yake jimar fata, kuma da ita muke ci.

Mun san abin da muka sani. Ruwan toka da bagaruwa ya daɗe yana tsiyaya cikin rijiyarmu. Sai wanki muke yi da ita, na sha kuwa Inna daga maƙwabta take ɗebowa. Ko ni da ruwan maƙwabta ake dafa mini na wanka.

Duba-gari ya zo da hantsi, siririn mutum da gajeren wando, da kwalabe a jaka. Ni da nake jiran dodo, sai ga mutum mai ladabi, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Ina leƙe daga ɗaki, na ƙanƙame jariri. Ya tambayi Baba guga nawa fata ɗaya ke ci, da inda ruwan ke bi. Baba ya amsa. Daga nan mutumin ya dubi rijiya.

"Wannan kuke sha, Baba?"

"Ita muke sha, ranka ya daɗe."

Baba ya zura guga, ya cika moɗa, ya kafa kai. Ina kallon maƙogwaronsa yana motsi, ina salati a zuci. Inna ta toshe baki da gefen zane.

To, a gidanmu ba a shan ruwa a gaban baƙo a hana shi. Hannun Baba da kansa ya sake cika moɗar ya miƙa, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa, ya yi bisimilla.

Moɗar na dab da bakinsa Baba ya riƙe masa hannu.

"Kada ka sha, ɗana."

Mutumin ya juye ruwan cikin kwalbarsa a hankali, ya toshe. Kafin in gama arba'in an rufe majemar.