Albishir ɗin da Ban Kai Miki Ba

Ranar Juma'a, 14 ga Maris, 2025, da hantsi, ina bakin aiki a wani ɗakin ajiyar kaya da ke Wendover Avenue, Baba Nathan ya kira ni. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce Allah ya yi wa matarsa, Farfesa Zipporah Dachung, rasuwa, zuciya ce ta tsaya. Shekarunki sittin da bakwai, Mama, talatin daga ciki kin yi su ne kina koyarwa a jami'a a nan Greensboro.

A coci na san ki, shekara uku da suka wuce. Na gama digirin digirgir, amma aikin koyarwa sai na wucin gadi: rabin mako ina aji, rabi ina ɗaga kwalaye. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Dakta Nanven 'yar dako!" Na ji haushi ƙwarai. Sai daga baya na gane ba kya tsokanar wanda ba ki yi niyyar ɗauka a bayanki ba. Ma'aruf, ɗalibinki wanda yanzu yake koyarwa a Ohio, wata huɗu ya yi a ɗakin baƙinki yana rubutu, kuma ke kika sayo masa dardumar salla.

Ke kika nuna mini tallafin bincike da wata jami'a ke bai wa sabbin malamai 'yan asalin ƙananan al'ummu. Shekara biyu ake ɗauke wa mutum aji, ya je ya yi nazari a kan mutanensa. A wajena abu biyu ne: ko in samu in zauna cikin ilimi, ko in haƙura da kwalaye. Na cike takardu na kawo miki gida a Summerfield. Inda aka tambayi al'ummata na rubuta Hausa, domin haka dukanmu muke cewa a ƙasar nan don gudun dogon bayani. Kika cire tabarau.

"Kakarki da wane yare take yi miki faɗa?"

Na ce Tarok.

"To wa kike ɓoye wa? Goge. Wannan fellowship ɗin don irinki aka yi shi."

Ke Berom ce, ba ki jin Tarok ko na sayen gishiri, amma kin zauna kin saurari waƙoƙin niƙa arba'in da na naɗo daga bakin tsofaffin matan Langtang, kina tambayata ma'anar kowace. Sau bakwai kika maido mini da takardar neman, ta yi jawur da biro. Laifina ɗaya ne: na kasa rubuta "na yi". Kullum "an yi", "an samu dacewa". Kika ce mutanen nan ba su san kunya irin tamu ba, wanda bai faɗi aikinsa ba sai su ɗauka bai yi ba. Kika dafa gwaten acca, kika ce ba zan tashi daga teburinki ba sai na yabi kaina shafi guda. Na ci kwano biyu kafin in iya layi ɗaya.

Amsa ta zo ranar Talata. Na ɗauki waya, na kuma ajiye. A gidanmu ba a yi wa babba albishir irin wannan ta waya. Ƙafa ke kai shi, a durƙusa, a ga fuska. Na ce sai Lahadi bayan sujada, har na sayi atamfar da zan riƙo miki. Tsakanina da gidanki bai fi minti ashirin da biyar a mota ba. Kwana uku ina yawo da labarin a baki, ina tsara yadda zan shigo da fuskar wadda ta faɗi don in rama tsokanarki.

Da na je gaisuwa, Baba Nathan ya ja ni gefe.

"'Yata, kin ji daga mutanen nan kuwa? Tun Talata ta san results sun fito. Kullum sai ta tambaya ko kin kira. Na ce ta kira ki mana, ta ce a'a, in ba ki samu ba kada ta ba ki kunya. Ta ce a bar ki, in kin huce za ki zo."

Wato kin tafi kina zaton na faɗi, kina tausayina. Ni ladabi ya riƙe ni, ke kawaici ya riƙe ki. Kin koya mini faɗin aikina ga baƙi, ni kuwa na kasa faɗa miki a kan lokaci. Wannan ne yake cina, Mama. Ina kewarki, ina kewar faɗanki, kuma ban san wa zan kai wa babin farko na binciken nan ya yi masa kaca-kaca ba.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya karɓe ki cikin hutunsa. Baba Nathan, da 'ya'yanku Yemima da Prisca, da dangi na Jos, Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya share muku hawaye. Ɗalibanki da ke warwatse a ƙasar nan, Allah ya sa mu yi wa na bayanmu ko rabin abin da kika yi mana.

Mama, ki yafe mini, na makara. Ga ni durƙushe. An ba ni.